Muryar 'Yata Tana Cikin Darasin da Nake Koyarwa

Malama mai fili, ina neman shawararki, kuma ina roƙon ki sakaya sunana.

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris na bana, jim kaɗan bayan la'asar, 'yata ta rasu a ɗakin gaggawa na asibiti, sakamakon ciwon asma da ya taso mata a wurin aiki. Shekarunta ashirin da huɗu. Ita kaɗai Allah ya ba mu. Sunan mahaifiyata ta ci, don haka Uwata nake kiranta. Ko da na isa, an riga an ja labule.

Ni malamin Ingilishi ne. Bayan na yi ritaya daga jami'a, na koma koyar da manya da yamma a wani ɗaki da ke saman kantin littattafai: teloli, direbobi, ma'aikatan jinya. Fannina sauraro ne. Ina koya musu cewa yin shiru kaɗai ba sauraro ba ne. Ka dubi mai magana, kada ka katse shi, kada ka fara haɗa amsa a zuci tun bai kai aya ba. Idan ya gama, ka maimaita masa abin da ka fahimta da kalmominka.

Muryoyin da ke zuwa tare da littafin koyarwa suna yi wa ɗalibaina sauri. Bara sai na tsara darussa goma sha biyu, Uwata ta karanta, muka naɗa a waya a kan teburin cin abinci. Tana karantawa tana tsokanata, wai Turancina ya girme ni. A darasi na biyar dariya ta kufce mata, ban goge ba. A kowane darasi takan dakata, ta bar gurbi domin ɗalibi ya maimaita abin da ya ji.

Da aka share makoki na koma aji, na ci gaba da kunna su. Ɗalibai ba su san muryar wace ce ba. Wani direba ya ce wannan yarinya tana da kirki, ba ta gudu ta bar mutum a baya. Na ce haka ne, na juya ina goge allon da babu rubutu a kansa.

Mahaifiyarta ta san mun yi naɗin, amma tana zaton ya tafi da tsohuwar wayata da ta lalace, ni kuwa ban gyara mata zaton ba. Kwanan baya muna zaune a falo ta ce abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ta fara mance yadda muryar Uwata take. Na dube ta, ban katse ta ba, na maimaita mata abin da na fahimta. Ta ce, "Malam, ni ba 'yar ajinka ba ce," ta tashi ta shige ɗaki. Wayar da naɗin ke kanta tana cikin aljihuna.

Ina da hujjar ɓoye mata: tana fama da hawan jini. Akwai kuma dalilin da ba hujja ba ne. A aji ina da allon da zan juya in fuskanta. A gida babu.

Jama'a suna yaba dauriyata. Masu zuwa gaisuwa sukan ɓuge da ba ni labarin nasu mamatan, in saurare su yadda na iya, su tafi da sauƙi a zuciya, in mayar da kujeru wurinsu.

Makon gobe ne darasi na sha biyu. Shi ban rubuta mata ba. Na ce ta yi magana da ka, sai ta ba da labarin yadda na koya mata hawan keke. Tun ranar naɗin ban sake jinsa ba.

Ga abin da ya rage. Ban kunna darasi na sha biyu ba. Ban gaya wa mahaifiyarta cewa muryar tana nan ba. Ban san da wanne zan fara ba.

Malamin ajin yamma

AMSA

Malam, Allah ya jiƙan 'yarka, ya ba ku haƙuri kai da mahaifiyarta.

Tsoronka yana da tushe. Ba kowa ne muryar mamaci ke sanyaya wa zuciya ba, kuma hawan jini ba abin wasa ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke masa yoyo. Don haka kada ka kunna mata ba zato ba tsammani. Amma muryar nan ta ku biyu ce. Teloli da direbobi suna jin ta kowane mako, matar da ta haife ta kuwa tana zaune tana laluben ta a zuci. Wannan ba zai ci gaba ba.

Da gida za ka fara, tun kafin makon gobe. Ka zaɓi lokacin da ta ci abinci, ta sha maganinta. Ka gaya mata kai tsaye cewa naɗin yana nan, kuma tsoro ne ya hana ka faɗa. Sai ka bar mata zaɓi: ta ji yau, ko wata rana, ita kaɗai ko tare da kai ko da 'yar'uwarta a kusa. Tana iya yin fushi, kuma tana da gaskiya. Kada ka maimaita mata fushinta da kalmominka. Ka karɓa kawai.

Ƙa'idojinka masu kyau ne ga baƙi biyu da ke neman fahimtar juna cikin baƙon harshe. A falo ranar nan, matarka ba tabbacin ka fahimce ta take nema ba. So take ta ji kai ma abin yana cinka. Amsar da ta jira ba ta wuce "ni ma" ba. Kai da kanka ka sani, darasin sauraro ba ya yiwuwa sai wani ya yarda ya zama mai magana. Ka daɗe a kujerar mai saurare. Ka ba ta ita.

Darasi na sha biyu kuwa, kada ka fara jinsa a gaban aji. Ku ji shi a teburin da aka naɗe shi. In kun yarda ku biyu, ka kai wa ɗalibai, ka faɗa musu muryar wace ce. Manya ne, kowannensu ya taɓa rashi. In ba ku yarda ba, ka karanta musu wani labari da bakinka, babu abin da za su rasa.

Idan muryar 'yarka ta dakata ta bar gurbin nan, ba dole ne ka maimaita komai daidai ba. In kuka ne ya zo, ka bar shi ya zo, matarka ta gani.

Allah ya sanyaya zukatanku, ya haskaka makwancinta.