Ba Kowa a Jan Gida

Zuwa ga Yaya Majken,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigida Sixten da yara. Yaya gwiwar taki, ta bar ki kina hawa bene? Mu nan lafiya lau. Mama ma garau take, har yanzu ita ke faskaren icenta, in na karɓi gatarin sai ta ce ban iya ba.

Bayan haka, akwai maganar da ba zan yi miki a waya ba, don na san halinki, ba za ki bari in kai ƙarshe ba. Hukuma za ta aiko a duba madatsar tafkinmu a sa ta a aji. Ni na ɗauka ƙarfinta kawai za su gwada. Ashe abin da suka fi dubawa shi ne, in ta fashe, me ruwan zai tarar a gabansa. In daji ne da makiyaya, ajin ƙasa ne, ba ruwan kowa da mu. In kuwa akwai gidan da mutum ke kwana, sai ajin masu haɗari, dole a sake gina ta, abin da ƙauyen nan kaf ba zai iya ba. In muka kasa, a saki ruwan. Shi ke nan, ba iyo, ba kamun kifi, ba bikin jatan lande na watan Agusta.

Kin san gida ɗaya ne a ƙarƙashin madatsar, jan gidan Mama.

Ranar Lahadi muka yi taron ƙungiyar tafki, kuma kaicona, ni ne shugaba bana. Kin san mutanenmu, ba mai faɗin magana kai tsaye. Aka sha kofi, aka ci biredin kirfa, kowa na kallon kofinsa. Can Holger mai gareji ya yi gyaran murya ya ce, "Gidan da aka rufe ba kowa, ai ba a ƙirga shi, ko?" Sai Berit matarsa ta ce, "Kai, Signe fa ta daɗe ba ta ga teku ba. Tsohuwa na son shan iska." Mama take nufi, wato a fita da ita yawo ranar da za a zo duba madatsar. Ba wanda ya kalle ni, amma wallahi na ji idanunsu a ƙeyata. Na ce zan duba. Berit ta ƙara mini biredi.

Na san me za ki ce. Amma yini ɗaya ne fa, Yaya, kuma Mama ba za ta ma sani ba. A tafkin nan Baba ya koya mana iyo. Ba na so a ce a hannuna ya zama fadama.

Ki gaida kowa. Kada ki kira ta a kan wannan, don Allah.

Ƙaninki,
Ebbe

Zuwa ga Yaya Majken,

Ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya. Na ga amsarki. Duk abin da kika kira ni na karɓa, har da "sakarai", sai dai ta iso bayan aikin gama ya gama.

Da safe Berit ta zo da mota ta ɗauki Mama, Mama ta sa hularta ta zuwa coci tana ta murna. Suna ɓacewa na hau aiki. Na sauke doguwar tutar da ke nuna akwai mutane a gida. Na kwashe tukwanen furanninta daga tagogi na kai ɗakin ice, na cire labule, na tura kekenta bayan rumbu. Daga ƙarshe na kwance allon sunanta daga akwatin wasiƙu, wanda Baba ya sassaƙa mata, na sa a aljihu.

Jami'ar hukumar ta zo, sunanta Ylva, yarinya ce mai natsuwa da takalman roba. Muka bi kan madatsar, muka sauka gindinta. Ta tsaya a wurin nan da ciyawa ta fi kore, ta danna ƙafa, ruwa ya tsattsafo. Ta ce, "Kun san tana yoyo?" Na ce mun sani. Sai ta juya ta nuna jan gida ta ce wa ke ciki. Na ce ba kowa, tun rasuwar mahaifinmu. Bakina ne ya faɗa, Yaya, ba wanda ya matsa mini.

Ban rufe baki ba sai ga motar Berit. Ashe a hanya bakin Berit ya suɓuce, ta ce yau ne baƙuwa daga birni ke zuwa duba tafki. Mama ta ce, "Baƙuwa za ta zo har ƙofar gidana, ba mai ba ta kofi? Juya motar nan, teku ba inda za shi." Kin san in ta faɗa haka, ba mai musu.

Ta fito da jakarta. Ta kalli sandar tuta. Ta kalli tagogi. Ta daɗe tana kallon akwatin wasiƙu, inda ramukan kusa biyu suka rage. Ylva ta gaishe ta ta ce, "Iya, nan kike da zama?" Mama ta ce, "Me ɗana ya gaya miki?" Ylva ta ce na ce ba kowa.

Mama ta ce, "To ai ɗana ba ya ƙarya. Ba kowa. Amma shigo ki sha kofi, 'yar nan, na san inda masu gidan suke ajiye kofuna."

Da ƙasa ta tsage da na shige. Muka zauna a ɗakin girki ba labule, rana na dukan tebur, Mama na zuba kofi tana tambayar yarinyar garinsu. Ni ma ta zuba mini, har da sukarina yadda nake so. Ylva ba wawiya ba ce, ta ga burodin da ke kan murhu. Da za ta tafi ta ce ba za ta yanke aji yau ba, za ta dawo ƙarshen bazara, abin da ta tarar shi za ta rubuta.

Na dawo da furanni da hannuna. Mama ta bi tana gyara su, don ban mai da kowace tukunya tagarta ba. Allon yana aljihuna har yanzu, na kasa fito da shi a gabanta.

Ki yi mini addu'a, ko ki ƙara zagina, duk wanda ya fi miki sauƙi.

Ƙaninki,
Ebbe

Zuwa ga Yaya Majken,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na san Mama ta kira ki, amma ban san nawa ta gaya miki ba.

Ta koma gidan tsofaffi na cikin gari. Ita da kanta ta je ta nemi ɗaki, ban sani ba sai da na tarar tana naɗe kofuna a jarida. Na roƙe ta har na durƙusa. Na ce zan kira Ylva in faɗi gaskiya, a saki ruwan, tafkin ya ƙone ma in ya ga dama. Ta ce, "Na riga na ce wa yarinyar ba kowa. Tsofai-tsofai da ni ba zan fara ƙarya ba, kuma ba zan bari a rubuta ɗana maƙaryaci ne ba."

Sannan ta ajiye kofin ta ce, "Ebbe, ka san madatsar nan tana yoyo. Da dabararku ta ci, ba a gyara ba, a nan za ka bar ni in ci gaba da kwana?" Yaya, wallahi ban taɓa kai tunanina can ba. Ina ta lissafin tafki, ban sa ta a ciki ba. Ta ci gaba da naɗe kofunanta.

Ylva ta dawo ta tarar da gida a rufe da gaske. An sa mu a ajin ƙasa. Ranar Asabar aka yi bikin jatan lande, aka rataya fitilun takarda a bakin ruwa. Holger ya ɗora mini hular takarda ya ɗaga kofi ya ce, "Ga wanda ya ceci tafki!" Suka yi mini waƙa. Ba wanda ya ambaci sunan Mama. Daga inda nake zaune ina hango rufin jan gida, ba hayaƙi.

Jiya na je wurinta. Ɗakin ƙarami ne, taga ɗaya, ta zaɓi tukwanen furanni biyu ta bayar da sauran. Doguwar baranda ce, ƙofofi duk iri ɗaya. Ta ba ni kofi, ta tambayi ko an kama jatan lande da yawa. Da zan tashi ta ce, "Allon nan da ke aljihunka, ai nawa ne." Ashe tun ranar ta sani. Na aro abin ɗaure kusa wurin mai gadi, na kafa shi a ƙofarta, tana tsaye a bayana tana cewa ya karkace.

Da na gama ta girgiza shi ta ce, "Ƙara ɗaure shi da kyau, don masu wucewa su san akwai mutum a ciki."

Ki zo, Yaya, ko don ita. Ni kam ban san da wace fuska zan tarbe ki a tasha ba, amma zan zo.

Ƙaninki,
Ebbe