Karatuna Ya Tafi Maraɗi

Daren Alhamis, unguwarmu ta Biafra. Saura kwana tara jarrabawar zama akanta.

Na bar littafina a kan tebur, a ofishin Kawu Isufu na bakin tashar jiragen ruwa, na je sallar azahar. Wata biyu na yi ina cika shi da hannuna: yadda ake auna darajar kamfani, yadda ake kauce wa asarar canjin kuɗi. Ina dawowa na tarar ya yage shafi goma sha huɗu, ya rubuta lambar kwantena a bayan kowanne, ya raba wa direbobi. Yanzu haka karatuna yana hanyar Maraɗi.

Na ce, "Kawu, na jarrabawata ne fa."

Ko ɗago kai bai yi ba. "To ba ki haddace ba? Mu da ka muka yi arziki, ɗiyata."

Direbobin da suka rage suka kwashe da dariya. Ban yi kuka ba sai a motar haya mai zuwa unguwar Adjamé, ina hanyar darasin yamma.

Na sake rubuta shafi biyar da ka, ashe suna nan a kaina. Wallahi sai na ci jarrabawar nan. Duk ƙarshen shekara ina ganinsa a bencin ofishin akanta a unguwar Plateau, hula a gwiwa, yana jiran a buga wa takardunsa hatimi. Ranar da hatimin ya zama nawa, zan durƙusa in gaishe shi, in sa a kawo masa shayi. Sannan ya zauna a bencina har la'asar.