Maɗaciya a Kofin Shayina

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidanki da yara. Yaya gwiwar taki, ta lafa?

Sati uku ke nan da aka sallamo Baban yara. An cire masa maɗaciya, wai duwatsu ne suka cika ta. Likita ta zaunar da mu ta yi mana bayani: hanta ce ke yin ruwan ɗacin nan, maɗaciya jaka ce kawai da ke tara shi, idan kitse ya iso hanji sai ta matso shi ya narkar. Yanzu da babu jakar, ruwan ɗiga yake kaɗan-kaɗan, don haka a rage masa maiƙo har cikinsa ya saba. Na ware masa tukunya da kwanonsa daban.

Amma kin san mahauci. Shekara talatin yana fizge maɗaciya daga jikin hanta yana jefa wa karnuka, shi a ganinsa ya fi likita sanin cikin kowa.

Jiya na buɗe firji zan ɗauko madara, sai ga kofin shayina, wanda kika ba ni mai fure, da maɗaciyar rago uku kwance a ciki, kore shar, suna naso. Ƙarni ya doke ni, da kyar na kai bayi. Da na tsare shi ko kunya bai ji ba. Wai tunda tasa ta tafi, ta rago za ta riƙe masa aiki. A gabana ya huda ɗaya da bakin wuƙa, ya toshe hanci ya kwankwaɗe, har tana gangarowa a gemunsa. Ashe kwana goma ke nan yana yi.

Wallahi Yaya ƙyamarsa nake ji. Ko matashin da ya kwanta a kai ban iya taɓawa. Na ce masa ko ni ko wannan ƙazanta a gidan. Ki share min ɗaki, mai yiwuwa ki gan ni.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa, na ga saƙonki, na gode. Ki bar sharar ɗakin, daga asibiti nake rubuto miki.

Ranar da na ɗaure kayana ya fara amai, irin mai launin gansakuka, a kan tabarma, a kan zanena. Idonsa ya yi rawaya, fitsari ya ɗauke. Likita ta yi masa tas a gaban jama'a, ta ce ɗanyen ruwan maɗaciya guba ne ga ƙoda, saura ƙiris ya kashe tasa, alhali hantarsa ba ta taɓa daina aikinta ba. Kwana biyar ina riƙe masa roba ina kau da kai.

Da ya farfaɗo na tambaye shi, ba da daɗin rai ba, wane irin kwaɗayin kitse ne zai kai babban mutum ga wannan. Ya ce shi ba kitse ne damuwarsa ba. Tun da muka yi aure kwano ɗaya muke ci, sai ga shi an tura masa nasa gefe kamar mai cutar da ake gudu. So yake ya warke da wuri ya dawo kwanona.

Haushi ya ishe ni, hawaye kuma ya ƙi tsayawa. Mutum da bakinsa, ya gwammace ya sha ɗaci da ya faɗa min.

Kofin dai ki yafe min, na fasa shi. Firji na wanke sau huɗu, har yau warin na hancina. Gobe za mu koma gida. Na riga na ba maƙwabciya ƙaramar tukunyar da na ware masa. Abincin nasa salam yake, babu mai babu daɗi, ina ci ina ɓata fuska. Amma tun shekaranjiya kwano ɗaya muke sa hannu.

Ki gaishe da kowa.

Taki,
Auta