Sha'aibu Mai Albasa

Daga Bodinga

Zuwa ga Gwaggo Uwani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ya gajiyar biki, ya jikin naki? A gaishe mini da mutanen Shagari.

Gwaggo, na gudo ban yi sallama ba don na kasa haɗa ido da Inna. Ina so ki san yadda abin ya faru daidai.

Kiɗan da na yi a wunin bikin Sumayya ba faifai ba ne. Rubutu nake yi a kwamfuta, kowane layi yana sa wani sauti ya yi ta maimaituwa, ina sauya shi a gaban jama'a. Ƙarar turmin nan da ke cikin kiɗan ta Inna ce. Bayan na gama jami'a na ajiye waya kusa da ita tana daka don in ɗauki sautin, na fita. Farkon abin da wayar ta ɗauka kawai na taɓa saurara.

Akwai lambar da ke nuna inda za a yanko sautin. Biyu na yi niyya, na danna uku. Sai ga muryar Inna a lasifika tana roƙon Allah ya ba Sha'aibu aiki. Innar da ba ta taɓa kama sunana ba, ni ɗan farinta, sai dai Ɗanliti. Na goge layin, amma gogewa ba ta tsayar da sauti sai an danna umarni, ni kuwa na ruɗe na manta. Sunan ya yi ta zagayowa bisa kiɗa, mata na guɗa, ita ta ja mayafi ta rufe fuska, har aka cire wuta.

Don Allah ki ba ta haƙuri. In ta ce in goge sautin, zan goge. In ta ce kada in tako gida, ba zan tako ba.

Ɗanki,
Sha'aibu

Zuwa ga Gwaggo Uwani,

Bayan gaisuwa da fatan kin ji sauƙi, na samu saƙonki. Kin ce Inna ta ce ba da ni take ba, wani Sha'aibu ne mai albasa a Lambara.

Kin san halina. Na je na tambayi dillalan albasa, babu wanda ya san shi. Ina tsaye a nan na gane ina neman kunyata ta karo na biyu. Na daina bincike. Duk wanda ya tambaye ni, zan ce mai albasa ne.

Batun gogewa kuma, kin ce ta ce a bar shi, tunda mutumin bai samu aikin ba tukuna. Na bar shi. Ina nan tafe ranar Juma'a, in Allah ya so.

Ki gaishe ta.

Ɗanki,
Ɗanliti