Yayana Yana Jira In Tabbatar Masa Akwai Layin Dogo A Gozaki

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin, ina roƙon a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara.

Ni 'yar Funtua ce, ban jima da kammala digiri ba. Ina da wa, shekarunsa talatin da ɗaya, wanda likita ya ce yana da otizim. Wasu kan ce galahanga, amma ban tabbata abu ɗaya ba ne, saboda haka zan tsaya a kan abin da likita ya faɗa. Tun yana ƙarami babu abin da ke kwantar masa da hankali kamar jirgin ƙasa. Hayaniyar kasuwa da hon ɗin babura kan sa ya toshe kunnuwa ya durƙusa, amma kullum bayan la'asar yakan je tasha ya zauna gefen dogo yana zana taragu a littafinsa, duk da cewa jirgi ya daɗe bai biyo ba. Ya taɓa gaya mini dalili, ya ce jirgi ba ya barin hanyarsa, mota kuwa ba a san inda za ta karkata ba.

Yanzu Baba ya yi ritaya, ranar Asabar mai zuwa za mu koma Gozaki ya rungumi noma. Da Yaya ya ji, kwana biyu bai ci abinci ba, sai Mama ta ce masa ai dogo ya bi ta kusa da gidanmu na can. Babu dogo a Gozaki. Na tambayi kawunmu da ke zaune a garin, na kuma duba taswira sau biyu.

Yaya ba ya ɗaukar magana sai na tabbatar masa, domin ban taɓa gaya masa abin da ba haka yake ba. Shekaranjiya ya zo da littafinsa ya ce, "Auta, dogon gabas da gidan yake ko yamma? Zan zana." Na ce ya ba ni zuwa Juma'a.

Mama ta yi fushi, ta ce boko ne ya sa nake ƙyamar 'yar ƙaramar ƙarya, in ya isa can zai haƙura. Baba ya ce kada in kunyata mahaifiyata. Ni kuwa na san halin Yaya: in na ce akwai, zai bi cikin gonaki shi kaɗai yana neman dogon, kuma ba zai juyo ba sai ya gan shi. In na ce babu, ba zai shiga motar kaya ranar Asabar ba, kuma ba zai sake yarda da Mama ba.

Yaya ya bar shafi guda fari a littafinsa, ya rubuta Gozaki a samansa. Me zan ce masa ranar Juma'a?