Ƙarin da Kuka Ɓoye Mini

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara lafiya, ya ba ku haƙurin zaman nesa. Nan kowa ƙalau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana zagaya tsakar gida, Auta kuma ya fara koyon ɗinki.

Jiya na koma asibiti aka sake yi mini hoton ciki, ni kaɗai, baban yara yana wurin aiki. Likitar ta shafa mini man nan mai sanyi, ta juyo da allon na'urar, ta nuna mini wani dunƙule a ƙasan gadon bayan jaririyar. Ta ce ƙarin ya ɗan girma, tana magana kamar na daɗe da sani. Ta ce ba kasafai ake ganin irinsa ba, kuma yawanci ba mugu ba ne, amma dole a yi mini tiyata a babban asibiti, daga baya a cire mata shi. Naƙuda a gida na iya fasa shi, jini ya ɓalle mata.

Ran hoton farko, likitan da ke aiki a lokacin ya kira baban yara shi kaɗai ofis. Da ya fito ya ce mini an ga ƙari. Na ɗauka tagwaye yake nufi, na yi ta dariya, bai gyara mini ba. Har kayan jarirai na saya bibbiyu. Jiya da na tsare shi, ya ce ke ya tura wa hoton tunda aikin jinya kike, kika ce kada a gaya mini saboda hawan jinina.

Na san tausayi ne, Yaya, amma ranar wanka ba a ɓoye cibi. Sau nawa na gaya miki a waya cewa a ɗakin Inna zan haihu? Sai ki ce Allah ya raba lafiya, ki kawo wata hira. Da naƙuda ta riga ku fa?

Na je babban asibitin da kaina, sun sa mini rana. Ki dakata da kirana tukuna. In na sauka, Inna za ta sanar da ke.

Ki gaida maigidanki da yara, musamman takwarata. Inna da Kawu suna gaishe ki.

Taki,
Ƙanwarki