Sari Marar Jan Gefe

Godiya ta tabbata ga Allah, Masanin abin da zukata ke ɓoyewa. Sallama ga mai karatu.

Daga Hafiz Nurul-Huda, masaƙi a Murshidabad, zuwa ga Tapan ɗan aminina Subodh, a Kalkata.

Bayan gaisuwa, saƙonka ya iso, cewa in saƙa wa mahaifiyarka sari, zanen da za ta ɗaura a bikinku na Durga, farin alharini, amma in bar jan gefe. Tun ranar da aka kawo ta gidanku nake saƙa mata, ban taɓa barinsa ba, domin a al'adarku mai miji ke ɗaura ja. Kuma Subodh ya saba rubuto mini da hannunsa, yana zagina da tsoho mai ƙoshiyar saƙa mai tafiyar kunkuru. Ina yake? Wassalam.

Baffa Hafiz,

Ina gaisuwa. Kai dai Baffa, komai sai ka tona! Hannun Baba ke ciwo. Mama kuwa ta ce ja ya yi mata yarinta. A taimaka a gama kafin biki.

Ɗanka, Tapan.

Tapan,

Na ji. Sai dai mai ciwon hannu ba ya rasa baki, kuma ban ga zagi ko ɗaya a takardarka ba. Ga jan zare nan rataye a masaƙa. Ba zan sa shi ba, ba zan cire shi ba, sai Subodh ya aiko mini da magana. Ko da kuwa biki zai zo ya wuce. Ka ji tsoron Mahaliccinka. Wassalam.

Yaya Hafiz,

Ni ce Aparna, matar amininka. Ina gaishe ka. Kada ka ga laifin yaron. Tun cikin damina Subodh ya rasu, muka kai tokar gawarsa kogi. Shi ya ce a ɓoye maka har sai ka sauke saƙar, wai in ka ji, kunkurun nan zai ajiye ƙoshiya, ba zai ƙara ɗauka ba. Ka huta lafiya.

Aparna,

Zagin ya iso, na kuwa gane nasa ne. Allah Ya ba ku haƙuri. Na cire jan zaren, na koma masaƙa. Sarin zai riga biki isowa. Wassalam.

Allah Ya bar mai karatu da amini na gaskiya, Ya sa mu cika da imani. Amin.